Hannun da Nea Tavi Ya Ɗaga

A ƙauyen Dumbravana kowa da abin da yake faɗa a kan sabuwar malamar labarin ƙasa, Sabina Oprișan. Mai shagon bakin gada ya ce tun da ta zo 'yarsa ta daina karɓar magana haka kawai, ko cewa ya yi gobe za a yi ruwa sai ta kalle shi ta ce, "Ta yaya ka sani, Baba?" Direban ƙaramar bas da ke kawo ta daga birni kullum safe ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai shiru kamarta ba, amma ran da ta buɗe baki ta tambaye shi me ya sa tagar gefensa ce kaɗai ke yin gumi, kwana uku ya yi yana tunani. Tanti Veta, mai shara da kaɗa ƙararrawar makaranta, ta ce ita ta taɓa leƙa ajin ta zaci saƙon rasuwa aka kawo: yara goma sha tara zaune tsit, malama a tsaye kamar an dasa ta, ba mai motsi. Iyaye kuwa sun rabu biyu. Wasu sun ce ba ta koyarwa, tambaya kawai take yi, alhali don ta ba da amsa ake biyan ta. Wasu sun ce oho, su dai 'ya'yansu sun daina ƙirƙiro ciwon ciki ranar da ake da darasinta.

Octavian Lupu, wanda kowa ke kira Nea Tavi, wato Baba Tavi, bai cika sa baki a wannan hira ba. Shekara talatin da takwas yana koyar da lissafi a makarantar, saura masa ɗaya ya ajiye aiki. A idonsa malaman labarin ƙasa bakwai suka zo suka tafi, kowanne ya yi shekara guda ya samu wuri a birni. Ajinsa bango ɗaya ne da nata, kuma shirun nan da yake ji ta bangon shi ya fara damun sa. A saninsa aji ba ya yin shiru haka sai in malami ya yi barci ko yara sun gudu.

Wata rana ya bar nasa yaran da aiki ya je ya tsaya a bakin ƙofarta. Sabina ta fito da ƙananan kwamfutocin hannu da aka kawo wa makarantar shekara biyu da suka wuce, waɗanda shugabar makaranta, Doamna Rodica, wato Malama Rodica, ta kulle a kabad don tsoron kada a fasa. Kowane yaro da tasa a gabansa. Ta yi tambaya ɗaya, ta ce kada wanda ya ɗaga hannu, sannan ta yi shiru. Ya duba agogonsa. Daƙiƙa talatin. Arba'in. Shi da a ajinsa yana tambaya hannun yara ukun nan na gaba ke tashi, ya nuna ɗaya, a wuce. Nan kuwa ya ga Ilinca, yarinyar da shekara biyu bai ji muryarta ba sai wajen amsa suna, ta sunkuya tana rubutu da yatsa, harshenta a gefen baki. Daga nan Sabina ta ɗauki amsar da ba daidai ba, ba tare da ta ce ta wane ce ba, ta ce, "Wannan tana da ƙafa ɗaya mai ƙarfi. Wa zai nemo mana ita?"

Ya koma ajinsa. Daga ranar, in ya kawo tuffa daga lambunsa da ke can ƙasan kwari, a shekarar da raɓar ƙanƙara ta bar masa wani abu, yakan zaɓi manya biyu ya ajiye a kan teburinta.

A farkon Afrilu takarda ta zo: ranar Alhamis sufeto za ta zo ta zauna a darasin Sabina da aji bakwai. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. In ta samu maki takwas ko fiye cikin goma, za ta zauna jarrabawar tabbatarwa, gurbin ya zama nata. In ta gaza, a watan Satumba za a turo wani, ita kuwa yayarta da ke Italiya ta daɗe tana kiran ta, ta ce akwai tsohuwar da ke neman mai kula da ita.

A ɗakin malamai aka hau shiri yadda aka saba. Doamna Rodica ta raba aiki: wa zai kawo naɗin kabeji da nama, wa zai gasa burodi mai zaƙi, wa zai ari kofunan kofi na matar limamin coci. Tanti Veta ta ce furanni nata ne, don bara wani ya kawo guda shida kamar za a kai kabari, alhali a nan matattu kaɗai ake kai wa adadin da ke rabuwa biyu daidai.

"Sai ke, Sabina," in ji Doamna Rodica. "Yaushe za ki gwada darasin da yaran? Ki ɗauki awata ta Talata, ki ɗauki ta Nea Tavi ma."

"Ba zan gwada ba, Doamna."

Tanti Veta ta ajiye butar kofi.

"Ba za ki gwada ba? 'Yar nan, ko amarya sai ta gwada riga."

"In sun san amsa tun kafin in tambaya, me zan tambaye su?"

"Ki tambaye su don sufeto ta ji!" Doamna Rodica ta dafa goshi. "Nea Tavi, don Allah yi mata magana. Kai ne ka ga sufetoci tun zamanin da suke zuwa a keken doki."

"Keken dokin babanki ne ya kawo su," ya ce, aka yi dariya. Ya juya wajen Sabina ya sassauta murya. "'Yata, saurara. Kamar yadda kowa ya sani, darasin sufeto ba darasi ba ne, biki ne. Ita ta san an gwada, ke kin san ta sani, kowa ya ci kabejinsa ya tafi gida. Ana tambaya, hannuwa su tashi kamar daji. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, ke kuma ki nuna mai dama. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Rodica. Ba wanda ya mutu."

"Masu hagun fa, Nea Tavi?"

"Me ya same su?"

"Me suka koya ranar?"

Ta yi murmushi, ba na cin nasara ba, ta kwashi littattafanta.

"Shirun nan naki zai kashe ki," ya ce da bayanta. "Sufeto ba ta san shirun tunani ba. Za ta rubuta cewa yara ba su san komai ba."

"To sai in roƙe ta ta jira tare da mu."

Kwana biyu maganar na cin sa. Yana aske gemu yana ganin ta tsaye gaban aji, agogo na tafiya, alƙalamin sufeto na gudu a takarda. Yana ganin ta a wani gida a Italiya tana juya tsohuwa a gado. Yana ganin malami na tara ya zo ya mayar da kwamfutocin kabad, Ilinca ta koma amsa suna kawai.

Ranar Laraba Sabina ta tsaya a birni don kai takardunta ofishin ilimi, aka ce Nea Tavi ya riƙe mata aji bakwai. Tsarin darasin gobe yana kan teburinta, an danne shi da tuffa. Bai yi niyyar dubawa ba. Ya duba. Darasin a kan iska ne da yadda sanyi ke ƙaruwa in ana hawa tudu, tambayoyi biyar a jere da kyakkyawan rubutunta.

Ya rufe ƙofa.

"Kuna son Doamna Sabina ta zauna a nan ko ta tafi?"

"Ta zauna!"

"To ku fito da littattafan rubutu."

Ya karanta musu tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu shifta ta amsoshin, ya sa suka maimaita har bango na amsawa. Ya koya musu dama da hagu. Costel, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya kira shi Domnu, wato Malam, ya tambaya:

"Domnu, in mutum bahago ne fa?"

"In bahago ne ya zauna a gida gobe. Kai dai, Costel, hagu. Ko me aka tambaya, hagu."

"Ko sunana aka tambaya?"

"Musamman sunanka."

Aji ya fashe da dariya. Ilinca ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, a hankali har sai da ya matso ya ji:

"Domnu, Doamna ta sani?"

"Kyauta ce za mu yi mata, kamar furanni. Ana gaya wa mutum kafin a ba shi furanni?"

Ta girgiza kai, ta ci gaba da rubutu. Ya fita daga ajin zuciyarsa wasai. Hannuwa ya yi ta tunani, da baki. A zamaninsa yaro ɗaya ke tashi ya ba da amsa, in ta yi kyau a ce duk ajin ya iya. Bai zo masa a rai ba cewa a ajin Sabina kowa ke amsawa, kuma a lokaci guda.

Sufeton, Doamna Hortensia, mace ce gajera mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta karɓi furanni bakwai daga hannun Tanti Veta, ta ce kofi sai bayan aiki. Aka jera kujeru uku a bayan aji, ita a tsakiya, Doamna Rodica a dama, Nea Tavi a hagu cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci.

Sabina ta kunna majigi, farin allo ya haska. Ta gaishe da yaran, ta ce, "Wanda ya hau dutse ya fi kusa da rana. To me ke faruwa da zafin iska in muna hawa?"

Kafin ta rufe baki hannuwa goma sha tara sun tashi. Costel ya ɗaga hagu, ya dubi na kusa da shi, ya sauke ya ɗaga dama, ya waiwayo baya, ya sake komawa hagu. Nea Tavi ya dubi silin.

Sabina ta tsaya tana kallon su kamar ta shiga ajin da ba nata ba.

"Yau kuma? Ku sauke. Ku rubuta, yadda muka saba."

Ba a yi shirun ba. Yatsu suka hau gudu, cikin ƙiftawar ido amsoshin suka fara faɗowa kan farin allon, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ba suna. Ta farko ta ce: Kamar yadda kowa ya sani, duk mita dubu da aka hau zafin iska yana raguwa da digiri shida. Ta biyu ta ce haka. Ta uku ma. Allon ya cika daga sama har ƙasa, kamar yadda kowa ya sani, kamar yadda kowa ya sani, goma sha takwas, har waƙafin wuri ɗaya. Can ƙasa ta goma sha tara ta fito ita kaɗai: Littafi ya ce yana raguwa, amma ni ban gane dalili ba.

Doamna Rodica ta juyo a hankali ta dubi Nea Tavi ta bayan kan sufeto. Duk Dumbravana ba wanda bai san mai fara magana da waɗannan kalmomi ba. Doamna Hortensia ta sa tabaranta, ta karanta allon tun daga sama, ta cire murfin alƙalami ta yi rubutu mai tsawo.

Sabina ta daɗe tana duban allon. Kunnuwanta sun yi ja. Sau ɗaya ta ɗago ido zuwa bayan aji, ba ta tsaya a kan fuskarsa ba, ta wuce. Sannan ta ɗauki tsarin darasinta, wanda ta yi dare uku tana gyarawa, ta kife shi a kan tebur.

"Wannan kun iya shi," ta ce. "Sauran huɗun ma ina jin kun iya. Sai mu bar su. Ni da mai amsar ƙarshen nan ra'ayinmu ɗaya." Ta goge allon. "Bara war haka raɓar ƙanƙara ta sauka a kan furen tuffa. Lambun wa ya ƙone?"

Wannan ba a shifta. Yaran suka dubi juna.

"Namu," in ji wata yarinya.

"Ina lambunku yake?"

"Ƙasan gada."

"Wa kuma?"

"Na Domnu Tavi!" Costel ya faɗa da ƙarfi. "Kullum nasa ne na farko. Babana ya ce ko tsuntsu ya daina zuwa."

Aka kwashe da dariya, har gefen bakin sufeto ya motsa.

"Na su wa ya tsira?"

Na kan tudu, suka ce, na wajen coci da na bayan maƙabarta.

"To," in ji Sabina. "Littafi ya ce sama ta fi sanyi. Ku goma sha takwas kun ce kowa ya san haka. Amma tuffan sama sun rayu, na ƙasa sun mutu. Ko littafi ya yi ƙarya, ko tuffa. Ku rubuta mini abin da kuke gani. Ba sauri."

Sai shirun ya sauka.

Nea Tavi ya ji shi a ƙirjinsa. Daƙiƙa ashirin. Ana jin itace na ƙara a murhu, ana jin kazar maƙwabta. Arba'in. Doamna Rodica na murza zobenta. Sufeto ta dubi agogo. Sabina na tsaye, hannuwanta a baya, fuskarta a sake kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Minti guda ya wuce. Kuma abin da ya ba shi mamaki, ya tarar shi kansa yana tunani. Shekara talatin yana asarar fure a kwarin nan, yana zagin sa'arsa, yana zagin kakansa da ya zaɓi wurin. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Amsoshin suka fara fitowa, a karkace, da kurakuran rubutu, ba biyu iri ɗaya. Kogi ne ke kawo sanyi. Rana ta fi saurin isa tudu. Irin tuffan ne daban. Coci ke tsare na sama. Ban sani ba tukuna.

"Mu fara da kogi," ta ce. "Mutum shida suka ce kogi. Wa zai tsaya masa? Wa zai rushe shi?"

Wani yaro ya ce ruwa sanyi gare shi, kowa ya san bakin kogi da safe. Ta ce ya yi magana mai ma'ana, ta tambayi aji ko akwai lambun da ya ƙone alhali ba kogi kusa. Costel ya ce, wannan karon ba wasa, na kawunsa yana cikin wani rami bayan tudu, ko rijiya babu, kuma ya ƙone ƙurmus.

"To me ramin kawunka da ƙasan gada suka haɗa, in ba ruwa ba?"

"Duk... duk ƙasa suke."

"Ci gaba."

"Iyakata ke nan, Doamna. Kaina ya yi zafi."

"Huta. Wa zai ɗora daga inda ya ajiye?" Ta taɓa kwamfutarta, sunaye suka juya a allo kamar yadda suke yi in ba mai amsawa, suka tsaya kan Ilinca.

Nea Tavi ya runtse ido. Yarinyar ta miƙe tana riƙe da bakin benci. Sabina ba ta ce yi sauri ba, ba ta taimake ta da rabin jimla ba. Ta jira.

"Kakata..." in ji Ilinca. "In za a yi raɓar, kakata tana kunna ciyawa mai danshi a lambu da asuba. Hayaƙin ba ya tashi sama. Yana bin ƙasa, yana gangarawa. Kamar ruwa."

"Me kike gani yake ɗauke da shi?"

"Iska. Mai sanyin." Ta nuna ƙofar ajin. "In an buɗe ƙofa lokacin dusar ƙanƙara ma, ƙafa ce ke fara ji, ba fuska ba. Ina jin mai sanyin ta fi nauyi. Tana gangarowa daga tudu ta taru a kwari, ba ta da wurin fita. Sai ta kwana a kan tuffan Domnu."

Ba wanda ya yi dariya. Sufeto ta daina rubutu.

"Ban ce daidai ne ba," in ji Sabina. "Ban ce ba daidai ba ne. Ta yaya za mu gane?"

Nan aji ya rikice, kowa na magana. A auna! Da me? Akwai ma'aunin zafi a ɗakin gwaji. Ɗaya a coci, ɗaya a gada, ɗaya a lambun Domnu. Ƙarfe nawa? Dole lokaci ɗaya, in ba haka ba ba a yi komai ba. Kowa ya ɗauki hoto ya turo. Wata ta ce to littafin fa, ƙarya ya yi ke nan? Wani ya ce wataƙila littafin da rana yake magana. Suna cikin haka Tanti Veta ta kaɗa ƙararrawa, darasi bai kai ƙarshe ba, ba a taƙaita komai ba, ba a ba da aikin gida ba, kuma ba yaron da ya tashi.

A ɗakin malamai kabeji na huci a kan farin mayafi, ba wanda ya taɓa. Doamna Hortensia ta buɗe littafinta.

"Na zauna a darussan da aka gwada sun fi ɗari huɗu," ta ce. "Ban taɓa ganin wanda ya tona kansa a bango ba. Minti goman farko na ba su huɗu. Sauran, ban tuna ran da na ga irinsa ba, goma ne. Sai dai ban gane yadda mutum ɗaya ya yi duka biyun ba. Doamna Oprișan, ke kika yi wa yaran nan shifta?"

"Ajina ne, Doamna Sufeto. Duk abin da ya faru a ciki nawa ne."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

Sabina ta dubi hannuwanta.

"To," in ji sufeto. "Huɗu da goma, a raba biyu. Akwai malamin lissafi a nan, ko?"

"Bakwai," in ji Nea Tavi. Ya miƙe, kujerar ta yi ƙara. "Bakwai ne, kuma ba nata ba ne. Jiya tana birni. Ni na shiga ajin, ni na karanta takardarta, ni na yi shiftar. Ta ƙi gwaji a gaban kowa a ɗakin nan, Rodica shaida ce. Huɗun nawa ne."

Sufeto ta dube shi ta saman tabarau.

"Kamar yadda kowa ya sani?"

"Kamar yadda kowa ya sani," ya ce.

Ta ja layi a littafinta, ta rubuta tara da rabi, ta ce rabin na aikin gida ne da ba a bayar ba. Ta ce a turo mata sakamakon ma'aunin, don ita ma mahaifiyarta na da lambu a kwari. Sannan ta ce yanzu kam za ta sha kofi.

Aka ci, aka yi dariya, Tanti Veta ta yi kuka kaɗan ta rungume Sabina. Nea Tavi ya zauna a ƙarshen tebur yana juya cokali. Ya faɗi gaskiya, amma ga sufeto ya faɗa. Sau biyu ya tashi zai nufi Sabina, sau biyu ya tsaya yana gyara kujera. Da bas ta zo ta ce, "Sai gobe, Nea Tavi," yadda ta saba, ba ƙari ba ragi. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Shekara talatin da takwas bai taɓa ba wa kowa haƙuri a makarantar nan ba. In ya yi kuskure a allo yakan ce gwada su yake yi. In ya ɓata wa abokin aiki rai yakan ajiye masa tuffa, a wuce wurin. Washegari ma da tuffa biyu ya fito a aljihu, na ƙarshe da suka rage a rumbu. A hanya ya bi ta lambunsa, ya tarar da ma'aunin zafi ɗaure da zare ja a reshe, da sawun ƙananan takalma a laka. Ya daɗe tsaye a wurin, sanyi na cin ƙafarsa, fuskarsa ba ta ji.

Awa ta uku Sabina na da aji bakwai. Ya ƙwanƙwasa ya shiga. Hotuna uku na kan allo, coci da gada da lambunsa, kowanne da lambarsa. Yaran suka miƙe, ya yi musu alama su zauna. Ya wuce bayan aji ya matse kansa a benci kusa da Costel, gwiwoyinsa na dukan katako. Tuffan suka tokare shi a aljihu, ya bar su a can.

Ya ɗaga hannu. Na hagu.

Costel ya buɗe baki, Ilinca ta juyo ta harare shi, ya rufe.

"A nan ba ma ɗaga hannu, Nea Tavi," in ji Sabina.

"Na sani."

Ta mayar da hannuwanta baya, ta jira. Yanzu ne ya ji yadda shirun yake daga ɓangaren benci: ba ya kora, ba ya kuma sakin mutum. Ya miƙe kamar ɗalibi, yana riƙe da bakin katako.

"Ranar Laraba Ilinca ta yi mini tambaya, na ba ta amsar ƙarya," ya ce. "Na koya muku ku ɓoye abin da ba ku sani ba, a ajin da aka koya muku ku faɗe shi. Na ɗauka ba za ku iya ba sai an sa muku a baki. Ke kuma, Doamna Sabina, na buɗe takardarki ba izini, na kusa tura ki Italiya da hannuna, ina cewa taimako nake yi. Ban yi daidai ba. Ki yafe mini. Ku ma, yara, ku yafe mini."